Zancen wata: Ciwo ba ya jiran fansho



Zancenmu na wanga wata daga nesa ya fito, daga ƙasar Ingila. Gardama ce da aka share shekara biyu ana yi can, daga 2021 zuwa 2023. Ga tambayar: mutumen da ya kai shekara 60, amma bai kai shekarun ajiye aiki da amsar fansho ba, shi zai biya kuɗɗin maganin da likita ya rubuta masa, ko kyauta za a ba shi? Wani zai ce ina ruwanmu da gardamar Turawa. Ku yi haƙuri ku bi ni. Tsufa da ciwo ba su da ƙasa, kuma hujjojin da aka baje can za su yi mana rana duk sa'ad da zancen ya iso nan.

Mafarin zancen

Ran 5 ga watan Yuli 1948 aka buɗe hukumar kiwon lafiya ta ƙasar Birtaniya, wadda suke ce ma NHS. Ministan lafiya na lokacin, Aneurin Bevan, ɗan mai haƙar kwal ne, shi kansa ya shiga aikin ramin kwal tun yana yaro. Ya san abin da ciwo ke yi ma gidan talaka. Tsarin da ya kafa shi ne: kowa ya biya lanho gwargwadon samunsa, ranar da ciwo ya zo kuma a duba shi, a ba shi magani, ba tare da an tambaye shi ko sisi ba.

Abin bai daɗe haka ba. A 1951 gomnati ta sa kuɗɗi bisa tabarau da haƙoran roba, Bevan ya yi fushi ya ajiye muƙaminsa na minista. A 1952 aka fara biyan sule ɗaya ga takardar magani. A 1965 gomnatin Harold Wilson ta soke biyan. A 1968 ita dai gomnatin ta maido shi, don baitulmali ya yi ƙasa. Amma da ta maido shi ta yafe ma wasu: yara, mata masu ciki, marasa hali, masu wasu cututtukan da ba su rabuwa da mutum kamar ciwon suga da farfaɗiya, da kuma tsofaffi daga shekara 65 abin da ya yi sama.

A 1974 aka sauko da na mata zuwa 60. Dalili kuwa, a lokacin mace na amsar fansho tana da 60, namiji sai ya kai 65. Kun ga ke nan shekarun magani kyauta da shekarun fansho tare suke tafiya. Sai wani dattijo mai suna Cyril Richardson, wanda ya wuce 60 bai kai 65 ba, ya kai ƙara. Ya ce ƙaƙa za a yafe ma mace sa'arsa, shi a ce ya biya? A 1995 kotun Turai da ke Luksambur ta ba shi gaskiya. Gomnati ta sauko da maza su ma zuwa 60.

Daga nan hanyoyin biyu suka rabu. Shekarun magani kyauta suka tsaya ga 60, shekarun fansho suka yi ta hawa. A 2018 na mata ya kai 65. A 2020 mace da namiji duka sai 66. Doka kuma ta tsara a kai shi 67 tsakanin 2026 da 2028. Tsakanin 60 da 66 akwai shekara shida. Kan waɗannan shekaru shida ne aka yi gardamar.

Abin da gomnati ta kawo

A watan Yuli 2021 ma'aikatar lafiya ta Ingila ta fitar da takarda tana neman ra'ayin jama'a. Ta ce tana son ta ɗaga shekarun magani kyauta su daidaita da na fansho. Ta ba da hanya biyu: ko a fara amsar kuɗɗi nan take ga duk wanda bai kai 66 ba, ko a bar waɗanda suka riga suka kai 60 da kyautarsu, a fara da masu zuwa baya. Mutanen da abin zai shafa sun kai wajen miliyan 2 da dubu 400.

Nawa ake biya? Can ba farashin maganin kansa ake biya ba. Kuɗɗi ne ƙayyadadde ga kowane irin magani da ke cikin takarda, mai tsada ne ko mai araha. A 1979 kwabo 20 ne. A ƙarshen 1980 ya kai fam 1. A 2021 fam 9 da kwabo 35. A 2024 ya kai fam 9 da kwabo 90, a 2025 ba a ƙara ba. A lokacin fam ɗaya ya ɗara dala 150 kaɗan, wato magani ɗaya wajen jikka 7 da rabi ke nan da kuɗɗinmu.

Kada mu ci amanar zance, gomnati na da hujja. Ta ce mutane sun fi daɗewa duniya bisa da, kuma da yawa cikin masu 60 zuwa 65 suna nan suna aiki suna ɗaukar albashi. Tun 2011 ma an soke dokar da ke ba mai kamfani damar sallamar ma'aikaci don kawai ya kai 65. Ta ce kuɗɗin takardar magani na kawo kusan fam miliyan 600 a shekara, kuma cikin magani 10 da ake fitarwa, kusan 9 kyauta suke fita, fiye da rabi don mai shi ya kai 60. Ta ce mai shan magani da yawa yana iya sayen wata takarda ta shekara, ya biya sau ɗaya ya huta. Masu goyon bayanta suka ƙara da cewa: ina adalci yaro ma'aikaci mai ƙaramin albashi ya biya, attajiri mai shekara 62 ya amshi kyauta?

Duk wanga zance yana da kai. Amma ni a ganina bai kai ba. Ga dalilaina.

Na ɗaya: jiki bai san dokar fansho ba

Shekarun fansho lissafin baitulmali ne. Gomnati ta duba yawan masu aiki da yawan masu amsa, ta ga abin da asusu zai iya ɗauka, ta yanke rana. In asusu ya yi ƙasa ta matsa ranar gaba. To amma hawan jini ba ya matsawa gaba don an sake doka. Gwiwa ba ta jira, ido ba ya jira. Wanda ya ɗaure ranar magani ga ranar fansho ya ɗaure lafiyar mutum ga abin da ba shi da alaƙa da jikinsa.

Kuma ba kowa ke tsufa rana ɗaya ba. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta auna wanga abu a shekarun 2018 zuwa 2020. A unguwannin da suka fi talauci a Ingila, namiji na samun wajen shekara 52 cikin ƙoshin lafiya. A unguwannin masu hali yana samun wajen 70. Tsawon rai kansa, bambancin ya kusa shekara 10. Magini, leburan kamfani, mai shara, direban babbar mota, jikinsu ya riga ya gaji tun kafin 60. Mai zaman biro yana iya kai 66 da ƙarfinsa. In an ce kowa ya jira 66, wanda ya fi wahala shi zai fi biya, shi kuma zai fi ƙarancin cin moriyar kyautar in ta zo.

Akwai kuma waɗanda ke tsakiya, ba albashi ba fansho. Wani ciwo ya raba shi da aiki yana da 61. Wata ta bar aiki don jinyar mijinta ko tsohuwarta. Wani an rufe kamfaninsu, kuma ba mai ɗaukar mai furfura sabon aiki. Waɗannan su ne suke cin ɗan abin da suka tara suna ƙirga watanni. In an ce masu 60 zuwa 65 suna aiki, a tuna da su.

Na biyu: abin da mutum ke yi in an ce ya biya

Nan ne zuciyar zancen. Mai ciwon haƙori ko mai zazzaɓi zai nemo kuɗɗi ko ta halin ƙaƙa, don ciwon ba ya barinsa barci. Amma cututtukan da suka fi damun mai shekara 60 ba su yin kuwwa. Hawan jini yana iya shekara da shekaru cikin jiki mutum bai ji komi ba. A ɓoye yake taurara jijiyoyin jini, yana gajiyar da zuciya, yana cin ƙoda. Maganinsa kuma ba na kwana bakwai ba ne, na kullum ne har ƙarshen rai. Mutum na sha, ba ya jin wani canji, don aikin maganin shi ne ya hana abin da bai zo ba tukuna.

To ku ɗauki dattijo mai magani iri uku, ana rubuta masa kowane wata. Kowane wata fam 29 da kwabo 70, a shekara fam 356 da ɗoriya, wajen jikka 270. Ga kuɗɗin haya, ga na wuta, ga sanyin ƙasarsu da dole sai an ɗumama ɗaki. Mi zai yi? Zai tsaya gaban mai farmasi ya ce: «Cikin ukun ga, wane ne zan iya bari?» Ko ya raba ƙwaya biyu. Ko ya sha yau ya tsallake gobe. Kuma wanda zai bari shi ne wanda ba ya jin aikinsa, wato maganin hawan jini. Wata rana sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye.

Wanga ba zato ba ne, an gwada an gani. A Amurka, tsakanin shekarun 1970 da farkon 1980, wata cibiyar bincike mai suna RAND ta raba dubban mutane gida-gida: wasu ana duba su kyauta, wasu suna biyan wani kaso. Masu biya sun rage zuwa asibiti, amma ba su iya tantance abin da ya kamata a rage ba. Sun rage marar amfani, sun rage mai amfani tare. Talakawa masu hawan jini da ake dubawa kyauta kuwa, jininsu ya fi sauka.

A jihar Kebek ta ƙasar Kanada, a 1996 aka sake doka, aka sa tsofaffi da marasa hali su riƙa biyan wani kaso na kuɗɗin magani. Binciken da aka buga a 2001 ya nuna shan magungunan da ba makawa sai da su ya ragu da kashi 9 cikin 100 ga tsofaffi, kashi 14 ga marasa hali. Cikin waɗanda suka rage shan magani, masu zuwa asibiti cikin gaggawa da masu kwanciya sun ƙaru.

Ku yi lissafi da kanku. Ƙwayar hawan jini tana cikin magungunan da suka fi araha duniya. Gadon asibiti, da jinyar wanda ya shanye shekara da shekaru, da ɗiyar da za ta bar aikinta ta zauna da shi, waɗannan su ne masu tsada. Gomnatin da ta amshi jikka 7 bakin farmasi ta biya ɗaruruwa bakin asibiti ba ta yi riba ba. Rigakafi ya fi magani, mun daɗe da sani. Ga mai hawan jini, maganin kansa shi ne rigakafin.

Na uku: takardar shekara da zancen attajiri

Gaskiya ne akwai takardar shekara. A 2024 kuɗɗinta fam 114 da rabi, kusan jikka 90, kuma ana iya biya kashi 10 ta banki. Ga mai magani uku sauƙi ne babba. Amma sai ka san da ita, sai ka cika takardu, sai kana da abin da za a cire a banki kowane wata. Wanda ya fi bukata shi ne ya fi ƙarancin sani, shi ne kuma ya fi tsoron ɗaukar alkawarin biya. Haka ma rangwamen marasa hali: akwai shi, amma mutumen da samunsa ya ɗara ƙa'ida da ɗan kaɗan ba ya ciki, alhali tukunyarsa da ta maƙwabcinsa da aka yafe ma duk ɗaya suke. Amfanin ƙa'idar shekara 60 shi ne ba ta da wuya. Ba roƙo, ba tonon asiri, ba dogon layi. Ranar haihuwarka ta isa shaida.

Attajiri mai shekara 62 fa? In ana son ya biya, ga ƙofar lanho nan buɗe. A amsa gare shi gwargwadon dukiyarsa, lokacin da yake lafiya. Kada don a kama attajiri ɗaya a sa shinge bakin farmasi, talakawa goma su faɗa.

Yaro ma'aikaci kuma da ke biya, kukansa gaskiya ne, amma maganinsa ba a ƙwace ma tsoho ba ne. Jerin cututtukan da aka yafe tun 1968 bai sake ba sosai, ciwon daji ne aka ƙara a 2009. Mai ciwon asma ko hawan jini da bai kai 60 ba yana biya. Gyaran da ya dace shi ne a faɗaɗa jerin. Sauran yankunan Birtaniya ma gaba ɗaya suka soke biyan: Wels a 2007, Ailan ta Arewa a 2010, Iskotlan a 2011. Ingila kaɗai ta rage.

Yadda aka ƙare

Mutane ba su yi shiru ba. Amsoshi sama da dubu 117 suka isa ma'aikatar lafiya, mafi yawansu ba su yarda ba. Ƙungiyoyin tsofaffi da na likitoci da na masu farmasi suka sa baki. Ana cikin haka tsadar rayuwa ta taso a 2022. A watan Yuni 2023 gomnati ta ce ta fasa, an bar magani kyauta daga shekara 60. Ni na ce ta yi daidai. Ku lura kuma da abu ɗaya: gomnati ta tambaya, jama'a suka amsa a rubuce, aka saurare su.

Mu fa?

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Nan gida zancen ya fi na Ingila nauyi, don manomi da makiyayi da mai saƙar tabarma ba su da ranar ajiye aiki. Ba wanda zai ba su fansho. Ranar da hauya ta gagara ɗauka, ita ce ritayarsu. In da za a ce magani kyauta sai mai fansho, ma'aikatan gomnati da na kamfani kaɗai za su samu, ƙauye duka ya tashi hannu banza.

Ga inda muka fito. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka amince jama'a su riƙa sa hannu ga kuɗɗin magani don kada asibitocin karkara su zauna babu komi. A 1995 Nijar ta kafa dokar biyan. Magani ya samu, amma marasa hali da yawa suka ja baya. Shi ya sa a 2005 aka yafe kuɗɗin fiɗar haihuwa, a 2006 aka yafe ma yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. A 2024 kuma gomnati ta rage kuɗɗin dubawa a asibitocinta da rabi. Duk waɗannan alheri ne. Amma takardar maganin tsoho, wadda ake sabuntawa wata bayan wata, tana nan bisa wuyan gida.

Kuma mun san wa ke biya. Akuyar uwargida ce ake kai kasuwa. Tiyar hatsi ce ake fitarwa daga rumbu ana tsakiyar bazara. Ɗan da ya tafi cin rani ne ake jira ya aiko. Tsoho kuwa yana gani, yana da kunya. Sai ya ɓoye ciwonsa, ya ce ya ji sauƙi, don kada ya ɗora ma ɗiyansa nauyi. Ko ya aika a sayo masa ƙwaya biyu wajen mai talla da ke yawo da magani cikin rana. Abin da dattijon Ingila ke yi gaban mai farmasi, shi namu ke yi cikin ɗakinsa, ba wanda ya sani.

Senegal ta gwada. A 2006 ta kafa wani shiri mai suna Sesam, ta ce duk mai shekara 60 a duba shi kyauta, mai fansho da marar fansho. Niyya ta yi kyau, tsofaffi suka fito. Amma kuɗɗin da aka ware bai kai ba, bashi ya taru bisa asibitoci, har wasu suka riƙa ja da baya. Mu ma mun ga irin haka da kyautar yara, lokacin da biyan asibitoci ya yi ta jinkiri, magani ya yi ƙaranci. Darasin a fili yake: kyautar da ba a tanadar mata kuɗɗi ba, kanta babu kaya ce.

Don haka ga shawarata ga mahukunta, cikin ladabi. Kada a ce komi kyauta rana ɗaya. A fara da kaɗan wanda za a iya riƙewa: magungunan hawan jini da na ciwon suga marasa sunan kamfani, irin su amlodipin da metformin, waɗanda kuɗɗinsu bai taka kara ya karya ba. A ajiye su asibitocin karkara, a ware kuɗɗinsu tun farkon shekara. Kada a tambayi takardar fansho. Tsofaffinmu da yawa ko takardar haihuwa ba su da ita. Awon da malamin asibiti ya yi shi ne shaida.

Kafin ranar ta zo, akwai abin da ke hannunmu. Dattawa, in an rubuta muku magani kuɗɗi bai kai ba, ku faɗa ma malamin asibiti gaskiya. Sau da yawa akwai irinsa mai araha, aikinsu ɗaya. Kada ku raba ƙwaya, kada ku daina don kun ji sauƙi, sai da izinin wanda ya rubuta. Samari, ku riƙa tambayar baba da inna ko magani ya kusa ƙarewa, kada ku jira su faɗa, ba za su faɗa ba. Ku ware kuɗɗinsa tun kaka, yadda kuke ware iri. Ƙungiyoyin gari da masu adashi, ku duba ko za a buɗe ɗan asusu na maganin tsofaffi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk mai ra'ayi kan wanga zance, ko ya yarda da ni ko bai yarda ba, ya rubuto ma jarida. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ko jikansa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai wata mai kamawa, in Allah ya kai mu.